Na Yanka Rigar Kausar Da Awon Jikina

Sallama gare ku, masu leƙowa shafin nan da masu laɓewa suna karantawa ba ko tari. Abin da zan faɗa yau, wata za ta ce Umaima ba ki da tsoron Allah, wata ta ce da ita ce da ta yi abin da ya fi haka. Kowa ta riƙe hukuncinta tukuna.

Ga wadda yau ta fara shigowa: ni ce Umaima, tela, 'yar Funtuwa. Ina zaune a Agege wajen Baffa Audi, ƙanin mahaifina, dillalin fata a Oko-Oba, da matarsa Inna Batulu. Kekena na baranda yana kallon titi, don haka ba abin da ke wucewa a layinmu ban gani ba, har da wanda bai shafe ni ba.

Mai nemana kuwa, in dai nema ake kiran abin da yake yi, shi ne Malam Shamsuddeen, Bazazzage, malamin lissafi. Ran Asabar da Lahadi yana tara samarin ƙungiyarsa ta zaman lafiya a aji: 'yan okada, masu dakon nama, har da wasu yaran Yarbawa. Yana koya musu yadda ake kai kuka ba da gora ba, da yadda ake magana da ɗan sanda ba a kwana a sel ba. Ko sisi ba a biyansa. Ni ma na shiga aikin sa-kan, ina ɗinka musu fararen riguna ina dama zoɓo. Tsakanina da ku, ba zaman lafiya ya fara kai ni ba. Yadda yake naɗe hannun riga in zai yi rubutu a allo ne.

Kullum zai zo baranda, ya sha shayi, ya yi min labarin rigimar wane da wane, ya kalle ni kamar zai faɗi wata magana, sai ya ce, "To, bari in gudu." Inna Batulu na daga ɗaki tana ji.

"Wannan malamin naki," in ji ta, "ya sasanta Agege kaf, amma ya kasa sasanta leɓensa na sama da na ƙasa su ce a ba shi ke. Baffanki ya ce in tambaye ki, miji ne ko mai shan shayi?"

To ga abin da ya faru. Bayan babbar sallah wani yaro ya ɗauko nama a babur daga mayanka, ya kwashi tiren tattasan wata Bayarabiya a layin kasuwar unguwarmu. Daga "ba ka gani ne?" sai duwatsu, sai kwalabe. Aka ƙona babur, aka farfasa rumfuna. Matan kasuwa suka yi rantsuwa ba Bahaushen da zai sake bin layin da okada, alhali nan ne hanyar abincin yaran. Shugabarsu Iya Sikira, tsohuwa mai ɗaurin kai kamar faifai, ta ce ko sarki aka turo ba za ta saurara ba.

Malam ya ce zai je. Amma Yarbancinsa bai wuce gaisuwa da cinikin biredi ba. Sai ya ɗauki Kausar.

Kausar. Har yanzu in na rubuta sunan sai na ji yatsana ya yi tsami. Malamar firamare ce, haifaffiyar Legas, tun kakanta soja suke nan. Doguwa, cikakkiya, ga tabarau ga turare, Yarbanci a bakinta kamar famfo ya ɓalle. In ta shigo taro samari har gyara hula suke yi. Ni kuwa 'yar firit ce, in na tsaya kusa da ita sai ka ce ta zo da 'yar riƙo.

Suka yi ta sintiri wajen Iya, ana zuba hotuna a guruf ɗinmu na WhatsApp. Ga su a benci ɗaya, Iya ta dafa kafaɗar wannan ta dafa ta wancan. Wani mara kunya ya rubuta, "Oga Malam da Madam." Kausar ta tura fuskar dariya. Dariya fa, jama'a! Ba ta ce a'a ba. Na ja hoton nan da yatsu biyu har fuskarta ta dagargaje, ina neman inda mayafinta ya taɓa rigarsa. Na samu.

Ran Laraba da hantsi sai ga Malam da baƙar leda.

"Umaima, albishirinki. Iya ta yarda za a zauna ran Asabar. Har kyauta ta yi."

Ya zaro turmin atamfa, kore shar mai ratsin ruwan zinare, irin wanda in ka shafa yake ƙara.

"Ta ce mu ɗinka, mu sa shi a ranar zaman."

"Ku wa?"

"Ni da Malama Kausar."

Inna Batulu na gefe tana ɓare agushi. Sai da ta ajiye tiren. "Ku biyu rak? Turmi ɗaya?"

"E, Inna."

"Ikon Allah. Umaima, ke baƙuwa ce har yanzu, bari in fassara miki. Mu a wajenmu anko na taron ƙawayen amarya ne. Yarbawa kuwa, in kin ga namiji da mace su biyu sun yanka turmi ɗaya, ba sai kin tambaya ba. Mata da miji ne, ko kuma an kusa."

Na dubi Malam. Yana ta nazarin silifas ɗinsa.

"Ka gaya wa Iya ba matarka ba ce?"

"Umaima, da ƙyar tsohuwar nan ta buɗe mana ƙofa. In na mayar mata da kyauta..."

"Ban ce ka mayar ba. Na ce ka gaya mata."

"Bayan zaman, in sha Allahu. Yaran nan wasu ko abinci sau biyu ba sa samu. Ki dubi wannan."

"Na duba. Kuma duk telolin Agege ni kaɗai ka gani?"

"Wa zan kai wa in ba ke ba?"

Kun ji fa. Irin maganar da za ta sa ki narke ki kuma nemi taɓarya a lokaci ɗaya.

Bai kai bakin titi ba saƙon murya ya shigo. "Sista Umaima, ya aiki? Abeg doguwar riga nake so, ta kama jiki kaɗan, kar ta yi buhu. Na tura miki awo. Kin san hannunki na da kyau." Ta kama jiki kaɗan. A gaban wa?

Rigarsa na fara yi. Wallahi ban taɓa zuba wa ɗinki hankali irin wannan ba. Na yi mata wuya mai tsayi, na jera zanen aljihu ya haɗu da na gaba har ba ka gane inda aka ɗora. Ina ɗinki ina hango shi a ciki, sai in hango ta a gefensa, sai in ji ƙafata ta ƙara wa keke wuta.

Sai na shimfiɗa rabin da ya rage. Na buɗe saƙon awonta, na karanta, na rufe. Tef na rataye a wuyana. Ba zan ɗora wa Shaiɗan ba, yana da nasa laifuffukan, ranar ko layinmu bai biyo ba. Ni ce na zagaya tef a ƙirjina. Ni ce na zagaya a ƙuguna. Ni ce na ja alli, na ce bismilla don sabo, na danna almakashi. Abin da ya saura na yi ɗankwali babba da shi, na datse sauran ƙanana yadda ko jakar waya ba za ta fita ba.

Inna Batulu ta zo wucewa da buta, ta ɗaga gaban rigar da yatsu biyu, ta juya shi.

"Kausar ɗin ciwo ta yi?"

"Yayi ne, Inna."

"Uhm. Allah ya ba ta lafiya." Ta wuce kafaɗunta na rawa.

Kausar ta yi ta aiko saƙo ta zo ta gwada. Na ce ba wuta ban yi guga ba. Na ce saura zif. Sai ran Asabar da safe na kai mata makarantar da muke taruwa.

Filin cike da samari cikin fararen rigunan da na ɗinka, an goge babura an jera. Saminu, shugaban 'yan okada, yana bi yana laluben aljihu kada wani ya zo da ko reza. Yaran Yarbawan ƙungiyar na ɗaura kwalaye masu rubutun zaman lafiya a jikin sanduna. Malam ya fito cikin koriyar rigarsa, aka ɗau tafi da fito. Ya yi kyau har na ji haushin kaina.

Kausar ta shiga ofishin malamai da ledar. Shiru. Shiru. Sai ta leƙo.

"Sista Umaima, zo."

Na shiga na tarar da rigar a hannunta, ita kuma cikin baƙar abayarta. Ko kafaɗa ba ta wuce ba.

"Kai, subhanallahi," na ce, "ko na haɗa awonki da na wata ne?"

Ta cire tabarau ta kalle ni. Ta ɗaga rigar ta kara a jikina, kafaɗa da kafaɗa, tsayi har idon sawu. Kamar an zuba ni a ciki.

"Na ga watar," ta ce.

Na rasa inda zan sa idona, sai na sa shi a kan taswirar bango.

"Kin san me kika yi? In Iya ta ga rabin kyautarta a jikin namiji, rabin mata babu, cewa za ta yi matan Hausawa sun raina ta. Za ta naɗe tabarmarta. Yaran da ke waje kuma su koma tura baro."

"Da kin gaya mata ke ba matarsa ba ce, da ba a zo nan ba."

"Shi ya gaya mata? Ni kika ga dama." Ta cilla min rigar. "Sa. Ai don ke kika yi. Kyautar nan sai an gan ta a jikin mace."

Da na fito, filin ya yi tsit kamar an ɗauke wuta ana tsakiyar kallon ƙwallo. Malam ya dube ni, ya dubi Kausar a baya. Ni kuwa, ku yafe min, na ɗaura ɗankwalin nan na ture shi gaba, na taka a gefensa har kasuwa, wuyana a miƙe.

An kafa rumfa a bakin layin. Matan kasuwa a hagu, dattawan Hausawa a dama. Abin da ban sani ba, mutanen mayanka sun wakilto Baffa Audi. Yana zaune a sahun gaba da carbinsa. Da ya gan ni cikin atamfa ɗaya da Malam, carbin ya tsaya.

Iya Sikira ta tashi da murna, hannu a buɗe. Sai ta ga Kausar cikin baƙi. Sai ta gan ni. Hannun ya sauka a ƙugu, ta zubo Yarbanci kamar ana juye tsakuwa a kwano.

Kausar ta matso tsakiya, murya a daidaice. "Ta ce ba wannan ta ba wa atamfa ba."

Iya ta ƙara, tana nuna Malam da haɓa. Matan bayanta suka ce "Hẹn-ẹn!"

"Ta ce, namijin da ya canja mace tsakanin Laraba da Asabar, ta yaya za ta yarda ba zai canja magana ba in an gama zama?"

Wata ta fara naɗe zaninta za ta tashi. Na hango fuskar Saminu da yaran bayansa, duk sun zuba wa Malam ido. A nan ne wuyan nan nawa ya fara lanƙwasa.

Malam ya miƙe. Ya share zufa da hula.

"Ki gaya wa Iya laifin nawa ne. Malama Kausar abokiyar aikina ce, ba matata ba ce, ba kuma nemanta nake ba. Na ga Iya ta ɗauka haka, na yi shiru don ina tsoron ta rufe mana ƙofa. Wannan kuskure ne, ina neman afuwa." Ya nuno ni. "Wannan da ke cikin atamfar, ita nake so in aura. Ga babanta can zaune, ko shi ban taɓa gaya wa ba sai yanzu. Shi ma ya yafe min."

'Yan uwa, na jira maganar nan har na fara tsufa a baranda, sai ga ta ta fito a gaban masu tattasai. Kuma wa zai juya ta zuwa Yarbanci? Kausar. Ta tsaya ta faɗe ta tas, ba ta rage ko wasali ba. Na san ba ta rage ba don duk idon rumfar ya juyo kaina, wata ta rangaɗa "Iyawo!", wato amarya, aka kwashe da shewa.

Iya ta ja kunnen Malam, ja na gaske, tana faɗa tana dariya. Kausar ta ce, "Ta ce mai iya tona kansa a kasuwa zai iya riƙe alkawari. Ta ce ki zo." Na je na ɗan rusuna irin namu. Kausar ta ce ƙasa-ƙasa, ba ta ko dube ni ba, "Gwiwa biyu, har ƙasa." Na zube.

Daga nan aka shiga maganar da ta tara mutane, kuma dole in faɗi gaskiya ko tana ƙona ni: yarinyar nan ta iya aiki. In Iya ta yi zafi ta sanyaya, in dattawanmu sun hau ta sauko da su. Saminu ya tashi da bakinsa ya ba mai tattasai haƙuri. Aka tsaya a kan cewa duk mai babur zai kashe inji ya tura in ya shigo layin lokacin cin kasuwa, samarin ƙungiya, Bahaushe ɗaya Bayarabe ɗaya, su riƙa tsayawa a kowane bakin layi, rumfunan da aka fasa kuma a taru a gyara. Kowa na cewa Kausar, Kausar. Ni ga atamfa, ita ga suna.

Aka ce a yi hoto. Malam ya tsaya a gefena yana murmushi wa waya, yana magana ta tsakanin haƙora.

"Tela irinki ba ta kuskuren awo."

"To me ya sa ka faɗa?"

"Don gaskiya ce. Amma Kausar ta ce ta bar ƙungiya daga yau. Akwai yaranmu da nasu da ke tsare tun ranar faɗan, ita da Iya ne za su je a sako su. Ki je ki ba ta haƙuri. Manyana ba za su taka gidanku ba sai ta dawo."

A gida kuma Baffa ya cire hula ya ajiye a gwiwa. "Tunda ya faɗa a gaban duniya, ya turo ran Juma'a. In Juma'a ta wuce, kada in ƙara ganin ƙafarsa a barandata."

Washegari bayan la'asar na dafa dambun shinkafa, na zuba a kula mai kyau, na nufi gidansu Kausar ina haddar haƙurin da ba na ji a zuciya. A bakin ƙofar falo na ga takalmin Malam. An jera shi tsaf kusa da nata. Ina jin dariyarsa daga ciki, wata irin dariya mai sakin jiki da ban san yana da ita ba.

Mamanta ta ɗaga labule. "Ke ce telar? Shigo, an ba mu labari."

Na durƙusa, gwiwa biyu, tunda na koya. Na ce, "Malama Kausar, na yi miki ba daidai ba. Ki yi haƙuri, ki dawo don yaran nan."

Ta buɗe kular ta shinshina. "Ya yi ƙamshi. Na haƙura, zan dawo. Amma na gaji da zama bakin wani, ana yanka min riga a kai. Malam zai riƙa zuwa nan kullum bayan la'asar in koya masa Yarbanci, har ya iya tsayawa gaban Iya shi kaɗai. In amarya ta yarda."

Malam ya juyo. "Me kika ce, Umaima?"

Me zan ce? Yara na tsare, Juma'a na tafe. Na ce, "Allah ya ba da lada. Ni ma ai ina son koyo, tare za mu riƙa zuwa."

Kausar ta yi murmushi ta ce bismilla, ƙofa a buɗe take.

Na dawo gida ina jin na yi dabara, na gaya wa Inna Batulu. Ta bari na gama tsaf.

"Zuwa ina? Yarinyar da manya za su zo tambaya ran Juma'a ce za ta riƙa bin saurayi gidajen mutane? Baffanki ya ce daga yau iyakarki baranda har a ɗaura."

Ga ni nan a barandar nake muku wannan rubutun. An idar da la'asar. Yanzun nan ya wuce ta gabana, ya ɗago min hannu, ya karya kwanar layinsu Kausar. Har turare ya sa.